Darasi Na Tara: Cikakkiyar Jimla da Guntuwar Jimla

Jimla ita ce jerin kalmomi da aka tsara bisa ƙa'idar harshe domin su ba da cikakkiyar ma'ana. Idan aka yi magana, amma mai sauraro ya tsaya yana jiran sauran bayani, to, guntuwar jimla aka faɗa masa. Ya kamata ɗalibi ya san wannan bambanci, domin ɗalibai da yawa sukan rasa maki a insha'i saboda sanya aya a inda magana ba ta ƙare ba.

1. Jimla mai aikatau

Irin wannan jimla tana da yankin suna da yankin aikatau. Misali: Binta ta sayi lemo. “Binta” ita ce yankin suna, “ta sayi lemo” kuma yankin aikatau.

A lura da kalmar “ta”. Ana kiran ta lamirin suna. A Turanci da Yarbanci da Ibo, aikatau yana iya bin suna kai tsaye. A Hausa kuwa, idan ana maganar aikin da ya riga ya faru, dole lamirin suna ya shiga tsakaninsu. Saboda haka “Binta sayi lemo” kuskure ne. Amma ana iya cire sunan a bar lamirin, a ce: Ta sayi lemo. Wannan ma cikakkiyar jimla ce.

Umurni kuwa yakan zo da kalma ɗaya tak: Zo! Zauna!

2. Jimla marar aikatau

Ba kowace jimlar Hausa ce ke buƙatar aikatau ba. Dirka, wato “ne” da “ce”, tana cika magana. Haka ma “akwai” da “babu” da “ga”.

Musa ɗalibi ne.
Ladi ɗaliba ce.
Akwai ruwa a randa.
Ga littafinka.

Idan aka ce “Musa ɗalibi” aka yi shiru, magana ba ta cika ba.

3. Guntaye masu ruɗarwa

Wani yankin magana yana da aikatau, amma ba ya iya tsayawa shi kaɗai. Sau da yawa yana ɗauke da “da” ko “idan” ko “saboda”. A kwatanta waɗannan:

Guntuwa: Da muka isa tasha
Cikakkiya: Da muka isa tasha, sai muka tarar mota ta tashi.

Guntuwa: Yaron da ya ci gasar
Cikakkiya: Yaron da ya ci gasar ɗan ajinmu ne.

Tsawo ba shi ne ma'auni ba. “Ya zo” cikakkiya ce, amma “idan malamin lissafi ya shigo aji gobe da safe” guntuwa ce, domin ba a faɗi abin da zai faru ba.

A hira, ana iya amsa tambayar “Ina za ka?” da cewa “Kasuwa”. A insha'i kuwa, sai a rubuta: Zan tafi kasuwa.

Aiki

A ware cikakkun jimloli, sannan a cika guntayen:

a. Saboda ruwan sama
b. Babu kowa a gida
c. Yarinyar da ta share aji
d. Manoma sun girbe gero
e. Idan ka gama aikinka
f. Audu tafi gona jiya