Ganyen bedi, azurfa da tsutsar sauro

Kowace shekara in malka ta kama, ruwa yakan kwanta ko'ina cikin gari. Kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini ya cika. Gologon bayan gida ya tumbatsa, ruwan wanka da na wanki suna bin lungu. Bayan kwana 10 sai sauro ya taso. Bayan sauro sai masassara. Uwa ta bar gona ta goyi yaro zuwa likita, maigida ya kai akuya kasuwa don kuɗin magani. Wani yaron ya tashi, wani ba ya tashi.

Akwai labarin da ke fitowa daga manyan makarantun duniya. Masana suna haɗa wani gari mai laushin gaske da ruwan ganyen itace. An ce yana kashe tsutsar sauro, yana kuma wanke ƙazamin ruwa. Sunansa garin nano. Darasin nan a kansa yake.

Sauro daga ruwa yake fitowa

Macen sauro ita ce mai cizo, don sai ta sha jini ƙwanta ke nuna. Tana zuba ƙwan a kan ruwan da ke kwance. Bayan kwana 2 ko 3 ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito. Tsutsar tana ci, tana saɓa, tana girma. Lokacin zafi, kwana 7 zuwa 10 sun isa ƙwai ya zama sauro mai fiffike.

Sauro ba iri ɗaya ba ne. Mai kawo masassara, wanda likitoci ke kira anofel, ya fi son ruwan sama da rana ke duka: bakin kududdufi, ramin tubali, sawun shanu. Tsutsarsa kwance take a fuskar ruwa kamar tsinke. Sauron gologo da na salga kuwa ruwa mai wari yake so. Tsutsarsa rataye take, kai ƙasa, wutsiya sama. Shi wannan yana hana barci, amma ba shi ke kawo masassara ba.

Sauro mai fiffike wuyar kamu gare shi. Tsutsa kuwa ba ta iya barin ruwan da take ciki. Shi ya sa masana suka sa mata ido.

Mene ne nano?

Nano awo ne, kamar mita da santimita, amma ƙarami ƙwarai. In aka raba milimita 1 gida miliyan 1, kashi guda shi ne nanomita. In aka tsaga silin gashin kai gida 1.000, tsagi guda ya kai girman ƙwayar garin nano. Ido ba ya ganinta. Ko madubin da likita ke duba jini da shi ba ya nuna ta, sai wani babban madubi mai aiki da wutar lantarki.

Me ya sa ake son gari ya yi laushi haka? Kowace mace ta san amsa. In ta jefa gutsuren kantun gishirin Bilma cikin miya, yakan daɗe bai narke ba. In ta daka shi, nan da nan ya bi miya. Gishirin bai ƙaru ba. Wurin da ruwa ke taɓawa shi ne ya ƙaru.

Ga lissafi. A ɗauki dunƙulen ƙarfe mai santimita 1 kowane gefe, ɗan ƙarami, bai kai ƙwayar sukari ba. Bayansa duka tafin yatsa ya kusa rufe shi. In aka farfasa shi ƙwayoyi masu nanomita 10, aka shimfiɗa bayan ƙwayoyin duka, zai rufe fili mai tsawon mita 30 da faɗin mita 20. Filin gida guda ke nan. Saboda haka ɗan kaɗan na garin nano yana yin aikin da babban dunƙule ba ya yi.

Yadda ganye ya shiga aikin

Da can ana yin garin nano da magunguna masu ƙarfi, masu tsada, waɗansu masu dafi. Sai masana suka ga ruwan ganye yana iya maye gurbinsu.

A shekarar 2004, a birnin Puna na ƙasar Indiya, masanan wani babban ɗakin bincike na gwamnati suka gwada ganyen bedi, wato dogon yaro. Dama Indiya ce asalin itacen. Daga wajen can aka kawo irinsa Afirka, har ya zama inuwar kasuwanni da ƙofar gidaje, kuma shi aka jera don tare iska a kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975.

Ga yadda ake yi. A tafasa ganye, a tace. A narka gishirin azurfa cikin ruwa mai tsabta. Gishirin azurfa magani ne da ake yi a masana'anta, ba gishirin miya ba. A zuba ruwan ganyen a ciki. Ruwan da yake fari tas sai ya koma rawaya, daga nan ya koma kamar shayi. Canjin launin shi ne alamar azurfa ta fito ƙwaya ƙwaya.

Ruwan ganyen aiki biyu yake yi. Yana ɓanɓaro azurfa daga cikin gishirinta. Kuma yana naɗe kowace ƙwaya don kada su dunƙule, kamar yadda ake barbaɗa wa fura gari don kada ta manne da ƴar uwarta.

Daga baya an gwada ganyaye masu yawa: zogala, turare, gwaba, lalle, har ɓawon lemu.

Gwaji a kan tsutsa

Masana sukan jera kofuna. Kowane kofi a sa masa tsutsar sauro 20 ko 25. A ɗiga garin azurfa, wani kofi kaɗan, wani da ɗan dama, wani a bar shi ba komi. Bayan awa 24 a ƙidaya matattu. A gwaje-gwaje da yawa, garin da bai fi nauyin ƙwayar gero ba cikin lita guda ya kashe rabin tsutsar ko fiye. Ƙwayoyin suna shiga ta baki da ta fata, su lalata hanjin tsutsa tun ba ta yi fiffike ba.

Gwaji a kan ƙazamin ruwa

Nan ƙarfe aka fi amfani da shi, don ya fi azurfa araha nesa. A shekarar 2009, a Amurka, masana sun haɗa gishirin ƙarfe da ruwan ganyen shayi. A 2011, a jami'ar Kwanetikat, waɗansu suka yi da ruwan dusar dawa, dusar nan da ake ba awaki. Ruwan ya koma baƙi. Suka zuba shi cikin ruwa mai rinin kanti, suka ƙara wani magani mai kumfa da likitoci ke wanke ciwo da shi. Rinin ya karye, launinsa ya gushe.

Dukawa ba za su yi mamakin baƙin nan ba. Kulokon da suke baƙanta fata da shi ƙarfe ne. In ya haɗu da fatar da aka jeme da bagaruwa sai ta yi baƙi. Abin da ke cikin bagaruwa dangin abin da ke cikin shayi da dusar dawa ne.

Amfanin wannan bincike a fili yake ga garuruwan da ke da marina da majema, irin su Maraɗi da Damagaram. Ruwan rinin kanti in ya bi kwata ya faɗa tabki, dabbobi su sha, a ban ruwan garka da shi. In aka samu hanya mai araha ta karya rinin tun bai bar marina ba, an rage babbar cuta.

Azurfa kuma tana kashe ƙwayoyin cutar zawo. Wannan an daɗe da sani, har ana aiki da shi. A 1981 wani masani a ƙasar Gwatemala, Fernando Mazariegos, ya ƙera tukunyar tace ruwa. Ana kwaɓa yumɓu da garin katako ko ƙaiƙayin shinkafa, a gasa, ƙaiƙayin ya ƙone ya bar ƴan ƙananan kafofi, sannan a shafa ruwan azurfa. An gina irinta a ƙasashe da dama, har a Tamale ta Gana. Amma a lura: azurfar tukunyar manne take da yumɓu, ba watsa ta ake yi cikin tabki ba.

Kofi ba kududdufi ba ne

Nan ne maganar take. Kusan duk gwajin garin nano na ganye a cikin kofi da kwalba aka yi shi, cikin ɗaki, da ruwa mai tsabta. Kududdufi kuwa yana da laka, da kashin shanu, da rana, da iska. Cikin irin wannan ruwa ƙwayoyin sukan dunƙule su nutse, ƙarfinsu ya ragu.

Kuma kududdufi ba tsutsar sauro kaɗai ke cikinsa ba. Akwai kifi, da talibambam, da ƙananan ƙwarin ruwa, waɗansunsu ma tsutsar sauro ce abincinsu. Azurfa dafi ce mai ƙarfi ga kifi da ƙwarin ruwa. Ganye yana ruɓewa, azurfa ba ta ruɓewa. Abin da aka zuba bana yana nan cikin laka baɗi. Don an yi abu da ganye, ba shi ke nuna ba ya cutarwa. Tunfafiya ma ganye gare ta.

Sai tsada. Duk wanda ya taɓa sayen zobe ko munduwar azurfa ya san kuɗinta, balle a zuba ta cikin kududdufin kowane gari sau da yawa cikin damana guda.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, tana da jerin magungunan da ta yarda a zuba cikin ruwa don tsutsar sauro. Ɗaya daga ciki shi ne Abate, wanda manya suka ga ana zubawa cikin tabkuna lokacin yaƙi da kurkunu, kafin a tabbatar Nijar ta rabu da shi a 2013. Garin azurfa na ganye ba ya cikin jerin. Wanda ya zo kasuwa da kwalba yana cewa maganin nano ne na zubawa a rijiya ko randa, kada a saya. Kada kuma wani ya ce zai goge zobensa ya dafa da ganye. Ba haka ake yi ba, kuma gishirin azurfa yana ƙona fata da ido.

Abin da aka gwada a Banizumbu

Bedi da kansa, ba tare da azurfa ba, an gwada shi cikin kududdufi na gaske, kuma a Nijar. Banizumbu ƙauye ne gabas da Yamai. Masana daga Amurka da na cibiyar bincike ta CERMES ta Yamai sun ƙidaya sauron garin a damanar 2005 da ta 2006. A damanar 2007 aka tsinci ƴaƴan bedi, aka shanya, aka daka. Sau 2 kowane mako ana barbaɗa garin a kan ruwan da tsutsa ke ciki. Da aka ƙidaya, matan sauro masu kawo masassara sun ragu da kashi 49 cikin 100. A Zindaru, ƙauyen da ba a barbaɗa komi ba, ba a ga canji ba.

Cikin ƙwallon bedi akwai abin da ke hana tsutsa saɓa. Tsutsar da ba ta saɓa ba, ba ta zama sauro. Rana tana kashe ƙarfin abin cikin ƴan kwanaki, shi ya sa ake maimaitawa. Aiki ne na jama'a, ba na mutum guda ba, kuma ya fi kyau inda wuraren kwanciyar ruwa kaɗan ne, an san su. Rabin sauro ya tafi, rabi yana nan: sange bai zama abin ajewa ba, haka maganin rigakafin masassara da ake ba yara ƙanana kowane wata cikin damana. Ba a zuba garin bedi cikin rijiya, ko ruwan sha, ko tabkin da ake kiwon kifi. Kuma ba a ba jariri man bedi ya sha. Garin da ke son gwadawa ya fara shawara da ma'aikacin lafiya.

Gologo kuwa maganinsa rami ne. A haƙa shi da zurfi, a cika da tsakuwa da fasassun tubali, a rufe bakinsa. Ruwa ya tsotse ƙasa, sauro bai ga inda zai zuba ƙwai ba.

Zogala da ruwa mai laka

Matan ƙauyukan bakin kogin Nilu a Sudan sun daɗe suna kwantar da laka da ƴaƴan zogala, har masana suka je suka koya wurinsu. A ɓare busassun ƴaƴa, a daka farar ƙwayar ta yi laushi. Ƙwaya 1 ga lita 1 in ruwan ya yi laka sosai. A dama garin cikin ɗan ruwa, a zuba cikin tulu. A motsa da sauri kaɗan, sannan a hankali kamar minti 10. A bar shi awa 1 ko 2. Laka ta dunƙule ta kwanta, ta ja ƙwayoyin cuta masu yawa tare da ita. A tsiyaye na sama cikin ƙyalle mai tsabta. Ba duka ƙwayoyin cuta ke kwanciya ba, don haka a tafasa ruwan ko a sa masa ƙwayar maganin ruwa kafin a sha. A sha shi ran nan, kada ya kwana biyu. Wannan na ruwan tabki da na gulbi ne. Ba ya mai da ruwan gologo ko na marina ruwan sha.

Aikin cibiya

Bayan karatu, malami da ɗalibai su ɗauki farar tasa ko ludayi su zaga gari. A kamfaci ruwa a bakin kududdufi, a sawun shanu, a gologo, a tsohuwar taya. A duba tsutsa: kwance take ko rataye? Kowa ya rubuta cikin littafinsa sunan wurin da irin tsutsar da ya gani. A ƙidaya wuraren da za a iya cikewa da ƙasa, da waɗanda sun fi ƙarfin haka.

Lissafi: tulu yana cin lita 20. Gida yana shan tulu 3 kowace rana. Ƙwayar zogala nawa gidan yake bukata cikin kwana 7, in ruwan mai laka ne sosai?