Amsar Tambaya: In Jira Sabuwar Kwamfuta Ko In Saya Yanzu?

Tambaya: Ina tace finafinai a Babban Giji, Kano. In jira kwamfutocin da za su fito, ko in haɗa mai katin hoto na Nvidia yanzu?

Amsa: Malam, kada ka jira, sabon samfuri ba ya ƙarewa. Sai dai ka duba inda masu ƙerawa suka dosa. Apple ya haɗe furosesa da sashen hoto da RAM wuri guda, har Mac Pro na 2023 ba ya karɓar katin hoto na waje. Nvidia kuwa ƙarfi ya bi: RTX 4090 yana shan wat 450, RTX 5090 na 2025 wat 575, katin kaɗai ke nan. A ganina hanyar farko ce za ta rinjaya a aikin tacewa, kuma ita ta dace da Kano, inda kuɗin wutar Band A ya haura naira 200 kowane yunit tun Afrilun 2024. Injin da batirin sola zai riƙe har dare ya fi wanda sai an ta da janareta, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu tana toshe fanka.

Masu haɗa kwamfuta za su ce haɗaɗɗen guntu irin na Apple ba a ƙara masa RAM, in ya lalace kuma gyaransa sai Allah. Gaskiyarsu, shi ya sa za ka sayi mai RAM da yawa tun farko. In kuma zanen 3D ne abincinka, Nvidia za ka saya, ka lissafa kuɗin inbata a ciki.