Tafi a bayan jariri ba gwajin ji ba ne

Yawancin yaran da ake kawo mana ɗakin gwajin ji sun haura shekara biyu. Uwa ta daɗe tana zargi, amma kaka ta ce nauyin baki ne, ai ubansa ma sai da ya yi wayo ya fara magana. An tafa a bayansa ya waiwayo, hankali ya kwanta. To, yaro yakan waiwayo saboda iskar tafin, ko inuwar hannu, ko don kunne ɗaya na aiki.

Gwaji iri biyu muke yi wa jarirai. Babu allura, babu ɗibar jini, mun ma fi so ya ƙoshi da nono ya yi barci. Na farko shi ne OAE: a sa ɗan toshe mai laushi a kunne, ya aika ƙaramin sauti. Lafiyayyen kunnen ciki yakan mayar da wani amo, na'ura ta kama. David Kemp ne ya gano wannan amon a Landan a 1978. Cikin 'yan mintuna an gama.

Na biyu, AABR, shi nake so iyaye su riƙe sunansa. Ana manna 'yan wayoyi a fatar jariri, galibi goshi, ƙeya da kafaɗa, a bi saƙon sauti ta jijiyar ji har gindin ƙwaƙwalwa. Ciwon shawara mai tsanani yana iya lalata wannan hanya ya bar kunnen ciki garau, sai jariri ya ci gwajin farko alhali magana ba ta isar masa daidai. Saboda haka wanda idonsa ya yi ɗorawa har aka yi masa canjin jini, da bakwainin da ya daɗe a kwalba, da wanda bai yi kuka da wuri ba, da wanda aka yi wa allurar jentamaisin kwanaki da yawa, OAE kaɗai bai ishe su ba. Wanda ya yi sanƙarau kuwa, a wuce da shi cikakken bincike kai tsaye.

Idan aka ce ku dawo a sake, ba an ce kurma ba ne. Sau da yawa ragowar ruwan haihuwa ne ya toshe kunnen. Abin da ke damuna shi ne waɗanda ba sa dawowa.

Ƙa'idar da muke bi: gwaji kafin wata 1, tabbatarwa kafin wata 3, fara taimako kafin wata 6, ko na'urar ji ko maganar hannu. Wato kafin mai jego ta yi arba'in ya kamata a ce an gwada. Haihuwar gida ba ta hana ba. Binciken Dakta Bolajoko Olusanya a Legas ya nuna ana iya haɗa gwajin da ranar allurar BCG. Inda asibitinku ba shi da na'urar, ku nemi takardar turawa zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.