Amsoshin Tambayoyinku: Sayen Jif Na Hannu a Kafanchan

Wani mai sauraro daga Kafanchan ya tambayi abin dubawa kafin sayen jif na hannu, wato motar da injinta ke juya ƙafafu huɗu, domin shiga gonakin citta na Kwoi da damina.

Ɗawainiyar mota ta fi kuɗin sayenta nauyi, domin tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, inji mai silinda shida yana cin aljihu. Toyota Prado ta fi Range Rover sauƙin riƙo, saboda ana samun kayan gyaranta a kasuwar Panteka ta Kaduna, kuma kanikawa sun san ta ciki da waje. Kafin saye, wajibi ne bakanike ya shiga ƙarƙashin motar ya duba tsatsa da yoyon man giya, sannan a tantance takardun kwastan.