Darasi: Kada Ka Ji Kunyar Asalinka

Wani ɗalibina yakan ɓoye cewa shi ɗan zango ne don gudun raini. Sai na ba shi labarin Charlie Sifford, baƙar fata na farko da ya buga gasar golf ta PGA a kudancin Amurka, a filin Sedgefield da ke Greensboro, cikin 1961. An zage shi, an yi masa barazanar kisa, bai janye ba har ya zo na huɗu.

Suratul Hujurat, aya ta 13, ta koya mana cewa ɗaukaka tana ga taƙawa. Sayyidina Bilal Bahabashe ne, kuma ladanin Manzon Allah (SAW).

Aikin gida: tambayi dattawan gidanku asalin zuriyarku, ka rubuta. Allah Ya sa mu dace.