Ma'aikacin Lafiya Amana Ne a Lokacin Rikici

Ya kai jami'in kula da ma'aikata, ranar da gari ya rikice kowa yakan koma gida ya kulle ƙofa, amma ungozoma da mai jinya da direban motar asibiti dole su fito. Amanarsu tana wuyanka.

Yankinmu ya san wannan hali. Rikicin 1994 ya shafi Salaga, Yendi da Gushegu. A Maris 2002, bayan kisan Ya-Na Yakubu Andani II a Yendi, an sa dokar ta-ɓaci a Dagbon. A Bawku kuwa, rikicin sarauta ya jawo dokar hana fita na shekaru, har wasu ma'aikatan lafiya suka bar garin. Duk wanda ya tafi, marasa lafiya na Gana da masu tsallakowa daga Togo da Burkina Faso ne ke ɗanɗana rashinsa.

Dokar Ƙwadago ta Gana ta 2003, mai lamba 651, ta shata iyaka. Sashe na 119 ya ba ma'aikaci damar janyewa daga wurin da yake da dalilin ganin haɗari na kusa ga ransa, ya sanar da shugabansa. Ba a korarsa, ba a riƙe masa albashi saboda haka. Sashe na 55 ya hana sa mai juna biyu aikin dare, daga ƙarfe 10 zuwa 7 na safe, sai da yardarta.

Don haka ka shirya tun gari yana lafiya:

1. Ka tsara canjin aiki yadda babu wanda dokar hana fita za ta riska a hanya, ka tanadi makwanci da abinci ga masu kwana.
2. Kada ka tura ma'aikaci unguwar da ƙabilarsa ko harshensa zai jefa shi cikin haɗari, kada kuma ƙabila ta zama hujjar ware shi.
3. Ka rubuta duk zagi, duka ko barazana da ya same shi, ka ɓoye sunan mai ƙorafi.
4. Ka biya kuɗin ƙarin lokaci ba tare da jan ƙafa ba.

Wanda aka zalunta yana iya kai ƙara Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa. Kai ne ya kamata ka fara sanar da shi wannan haƙƙi.