Darasi na Tara: Taga Ba Ado Ba Ce

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, birnin ya tsallake ganuwa, ya bazu ta ko'ina. Akwai masu neman aikin gwamnati, akwai 'yan ci-rani daga Maraɗi, ga kuma mutanen Batsari, Jibiya da Safana da 'yan bindiga suka koro daga gonakinsu. Duk sun taru a gidajen haya. A Sabuwar Unguwa da makamantanta, ba abin mamaki ba ne a iske iyali guda, da kakarsu, da baƙon da ya zo kwana biyu ya zarce, a ɗaki ɗaya.

Talauci ne, ba wanda ya zaɓa. Shara da wanke hannu da rufe tulu kuwa, mai karatu ya san su tun yana goye. Abin da malaman tsafta suka gaji da faɗa shi ne toshe taga.

Ga wani gida a lokacin hunturu. Maigida ya dawo daga kasuwa, ya tarar uwargida ta cire kwalin da ya buga a taga.

"Wa ya buɗe wannan?"

"Ni ce, Malam. Hayaƙi ya dame mu."

"To sanyi fa? Da masu leƙe?"

Daga kan tabarma surukarta, Inna, ta sa baki: "Ke 'yar nan, mu da muka haifi mazajenku a ɗakin da ba taga, mutuwa muka yi?" Aka mayar da kwali, aka ƙara buhu, aka jawo kaskon gawayi tsakiyar ɗaki don Inna ta ji ɗumi. Yaro ya roƙi a gasa masa dankali a ciki, aka gasa. Da asuba kowa ya tashi da ciwon kai da jiri, aka ɗora laifin a kan miyar daren jiya.

Miya ba ta yi komai ba. Gawayi da janareta suna fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi. Tana shiga jini ta kori iskar da jiki ke bukata, mutum ya zarce daga barci. Kada a toshe taga, kada a kwana da gawayi a ɗaki.

Idan zafi ya shigo kuma, sai sanƙarau. Ƙwayar cutar tana bin numfashi da tari daga wannan zuwa wancan, kuma ɗaki cunkushe maras iska shi ne gidanta. A 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000, akasari a Arewa. A 2017 ta dawo, Katsina na cikin jihohin da ta fi taɓawa tare da Zamfara da Sakkwato. Tarin fuka ma hanyarsa ke nan. Har yanzu wasu maƙwabta na liƙe taga da langa-langa, wai kada a ga gadonsu. Labule mai shara-shara da waya ta sauro sun isa wannan. Masu gidan haya da ke gina ɗaki ba taga don su matse ƙarin ɗaki ɗaya, su ne suka fi ban haushi.

Birnin New York na Amurka ya sha irin wannan lokacin da baƙi daga Italiya da Ireland suka cika gidajen haya masu duhu, tarin fuka na ta kwasarsu. A 1901 aka kafa dokar da ta tilasta taga a kowane ɗakin sabon gidan haya.

Wanda zazzaɓi ya kama da ciwon kai mai tsanani, wuya ya sandare, a garzaya da shi Babban Asibitin Katsina ranar, ba gobe ba. Tarin da ya kai mako biyu, a je gwaji. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati. Mai neman ɗakin haya kuma ya duba taga kafin ya tambayi kuɗi, idan ya samu, ya bar ta a buɗe.